Hular Ƙoda da Girman Yaro: Darasi Domin Iyaye da Ungozoma

Akwai wata tambaya da iyaye mata sukan kawo ɗakin shan magani, yawanci da murya ƙasa-ƙasa bayan sauran mutane sun watse. Uwa takan ce 'yarta shekararta takwas kacal, ko famfara ba ta gama ba, amma hammatarta ta soma tsami irin na manya, ga 'yan ƙuraje a goshi, jiya kuma da tana yi mata wanka ta ga silin gashi biyu ko uku a mara. Sa'an nan ta ce, "Malam, yarinyar nan ta balaga ke nan?" Wani lokaci ma kafin a zo da tambayar an riga an yanke magana a gida. Kaka ta ce yarinya ta isa, uba kuwa ya soma tunanin ko akwai amfanin barinta a makaranta.

Mafi yawan lokaci amsar ita ce a'a, ba ta balaga ba. Alamun nan suna fitowa ne daga wani ɗan ƙaramin abu da ke zaune a kan ƙoda, wanda yake da nasa lokacin tashi da na kwanciya daban da na balaga. A kansa darasinmu yake, za mu bi shi tun daga cikin uwa har zuwa tsufa.

Mece ce hular ƙoda?

In an yanka akuya ko rago a gidanku, ku duba cikin kitsen da ke kusa da ƙoda, ta wajen gaba. Za ku ga wani ɗan abu mai kamar ƙwayar wake, wanda mahauta ba su ko kula da shi. Mutum ma yana da irinsa guda biyu, ɗaya a bisa kowace ƙoda, kamar yadda hula take zama a kai. Likitoci suna kiransa adirinal, mu kuwa a nan za mu ce hular ƙoda. A jikin babban mutum nauyin kowace ɗaya giram 4 ne zuwa 5. Maƙwabtaka kawai ta haɗa ta da ƙoda, ba ruwanta da tace fitsari. An yi ɗaruruwan shekaru ana ganinta ba a san amfaninta ba, sai a shekara ta 1855 wani likita a Landan mai suna Thomas Addison ya nuna cewa mutumin da hulunan nan suka lalace masa yakan rame, ƙarfinsa ya ƙare, fatarsa ta ƙara duhu, a ƙarshe ya mutu.

Aikinta shi ne yin abin da ake kira homon. Homon ɗan aike ne da ake zubawa cikin jini. Jini yakan kai shi ko'ina cikin jiki, amma sai gaɓar da aka aiko shi wurinta take amsawa, kamar yadda mai shela yakan zaga gari duka, waɗanda maganar ta shafa su ne suke tashi. Ita ma hular ƙoda ba ta aiki da kanta. Akwai wani ɗan abu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ake kira fituwitari, shi yake aiko mata da umarni.

In aka yanka hular ƙoda biyu za a ga tsakiya da ɓawo. Tsakiyar ita take yin adirenalin, abin da yake sa gabanka faɗuwa da ƙafarka sauri sa'ad da ka yi kiciɓis da maciji a gona. Ɓawon kuwa hawa uku ne, kamar na albasa. Na waje yana yin aldosteron, mai riƙe gishiri da ruwa a jiki. Na tsakiya yana yin kotisol, mai tsare sukarin jini da ƙarfin bugun jini, mai kuma taimakon jiki ya jure zazzaɓi da rauni. Hawa na uku, na can ciki, shi ne namu na yau. Yana yin homon da ake kira andirojin, watau homon na siffofin maza. Kada sunan ya ruɗe ku, gama mata ma suna da su, kuma suna bukatarsu. Babba a cikinsu ana kiransa DHEA, da ɗan'uwansa DHEA-S wanda ya fi daɗewa a cikin jini. Wani masani na ƙasar Jamus, Adolf Butenandt, da abokan aikinsa suka fara tace DHEA daga fitsarin mutum a 1934. Shi kansa ba shi da ƙarfi sosai. Sai ya isa fata, ko saiwar gashi, ko wata gaɓa, a can ake juya shi ya zama homon mai ƙarfi kamar testosteron.

Tun a cikin uwa

Abin mamaki, lokacin da hular ƙoda ta fi yin wannan aiki shi ne kafin a haifi mutum. Ɗan tayi yana da wani hawa na musamman a cikin hularsa wanda babba ba shi da shi, kuma wannan hawan ya cinye wajen kashi 80 cikin 100 na ɓawon. Kusa da haihuwa hular jariri takan kai kashi ɗaya cikin uku na girman ƙodarsa, nauyinta kuma ya yi kusa da na babban mutum, alhali shi kansa jaririn bai fi kilo uku ba. A watannin ƙarshe takan yi DHEA-S wajen miligiram 100 zuwa 200 kowace rana.

Me ɗan tayi zai yi da wannan duka? Mabiyiya yake ba. Mabiyiya ba ta iya yin homon na mata, wanda ake kira estirojin, tun daga tushe. Sai ta karɓi abin da hular ɗan ta yi, wani sashe bayan ya bi ta hantar ɗan, ta juya shi ya zama estirojin, ta zuba cikin jinin uwa. Wannan yana cikin abin da yake shirya mahaifa da nono. Ashe ɗan da ke ciki ba zaman banza yake yi ba, yana taya uwarsa ɗaukar cikinsa.

Da an yanke cibiya wannan aiki ya ƙare. Hawan nan na musamman yakan soma narkewa tun kwanakin farko, cikin 'yan watanni hular ta rage wajen rabin nauyinta. Kafin yaro ya cika shekara guda DHEA-S ya sauka ƙwarai, haka kuma zai zauna ƙasa har wajen shekara biyar ko shida. Shi ya sa yaro ɗan shekara uku zai wuni yana wasa a rana, ya yi gumi sharkaf, amma ba za ka ji masa warin manya ba.

Farkawar hula

Tun wajen shekara uku hawa na uku yake soma ginuwa a hankali, ba a ganin kome a waje. Tsakanin shekara 6 da 8 sai aikinsa ya yi yawan da za a iya aunawa a jini, daga nan ya yi ta hawa shekara bayan shekara. Wani likitan Amurka, Fuller Albright, shi ya raɗa wa wannan mataki suna a 1942, sunan da ma'anarsa ita ce farawar adirinal. Mu sai mu ce farkawar hula. Lokacin ya zo daidai da famfara da fitowar turamen haƙori na farko na manya, daidai kuma da lokacin da ake sa yaro makaranta, ake soma aikensa rijiya ko bin awaki. Wannan mataki ba kowace dabba take da shi ba. An same shi a jikin mutum da birai manya irin su cimfanzi, amma ɓera ba shi da shi.

Alamunsa a fata suke. Akwai wasu ƙofofin gumi a hammata da mara da suke barci tun haihuwa, andirojin ne yake tashe su, gumin da suke fitarwa kuwa shi ne mai tsami in ya kwana a jiki. Fata da gashin kai su soma maiƙo, ƙananan ƙuraje su fito a goshi da hanci. Daga baya gashi ya soma tsirowa a mara, sa'an nan a hammata. Wani yaro tsamin kaɗai za a ji shekara biyu ko uku kafin a ga gashi. Wani kuwa ba za a lura da kome ba sai balaga ta zo ta haɗu da shi.

To, balaga fa? Ita hanyarta dabam. Ƙwaƙwalwa ce take ta da gidan ƙwan mace ko marainan namiji, da wasu 'yan aike na daban. Ga yarinya alamar farko ita ce ƙirgar dangi, yawanci tsakanin shekara 8 da 13, jinin al'ada kuma yakan biyo baya da kamar shekara biyu ko biyu da rabi. Ga yaro namiji alamar farko ita ce girman maraina, tsakanin shekara 9 da 14, murya da gemu sai daga baya.

Mai karatu zai ce, ina shaidar cewa abu biyu ne, tun da sau da yawa a jere suke zuwa? Marasa lafiya ne suka koya wa likitoci. Akwai 'yan mata da ake haifa gidan ƙwansu ba ya aiki. Hularsu takan farka a kan lokaci, gashi ya fito, amma nono ba ya fitowa, jini ba ya zuwa sai da magani. Akwai kuma yaran da hularsu ta lalace tun suna ƙanana. Muddin ana ba su maganin da yake maye gurbin kotisol, sukan balaga a kan lokaci. Haka nan ƙaramar yarinya 'yar shekara huɗu da wani ciwo ya sa ta yi nono da wuri, in aka auna jininta sai a tarar hularta tana barci har yanzu. Macen da ta kamu da ciwon nan na Addison bayan ta girma takan rasa gashin hammata da na mara, ko da yake ta haihu a dā. Kowane ɗaya na iya tafiya ba tare da ɗayan ba.

Saboda haka uwa ta duba ƙirji, kada ta tsaya ga hammata. In babu ƙirgar dangi, tsawon yarinya kuma yana tafiya daidai da na tsararta, abin da ake bukata sabulu ne da ruwa, da wanke riga akai-akai, da kalma mai daɗi. A nan zan faɗi ra'ayina. Ba a kyauta wa yarinya 'yar aji biyu ko uku in aka soma yi mata ba'ar girma a tsakar gida saboda warin hammata, balle a hana ta makaranta. Hankalinta na yara ne, ƙashinta na yara ne. Ko wadda ta fara ganin jini ma ƙugunta bai gama buɗewa ba, yakan ci gaba da girma wasu shekaru bayan haka, kuma duk ungozomar da ta taɓa zama kan doguwar naƙudar ƙaramar yarinya ta san abin da yakan biyo baya, har da yoyon fitsari. In mai jini ba ta gama ba, ina ga wadda hularta ce kawai ta farka?

Wani lokaci gashin yakan fito kafin shekara 8 ga mace, ko kafin 9 ga namiji. Wannan shi ne farkawa da wuri, ya fi yawa ga 'yan mata, musamman waɗanda aka haifa ƙanana sa'an nan suka yi ƙiba da sauri. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau, za su balaga kusan a kan lokaci. Duk da haka a kai su asibiti a duba sau ɗaya. Likita zai auna tsawo, wataƙila ya ɗauki hoton ƙashin hannun hagu don ya ga ko ƙashi ya riga shekaru, ya kuma auna jini in da hali. A lura da ƙibarsu, gama wasu daga cikinsu in sun girma sukan yi fama da rikicewar al'ada da yawan gashi a fuska, ko su kusaci ciwon sukari.

Daga samartaka zuwa tsufa

DHEA-S yakan ci gaba da hawa duk tsawon balaga, ya kai ƙololuwa tsakanin shekara 20 da 30. A lokacin babu wani homon na danginsa da ya kai shi yawa a cikin jini. Ga namiji abin da hula take bayarwa kaɗan ne in aka gwada da na maraina. Ga mace kuwa wajen rabin andirojin ɗinta daga hula yake. Daga nan sai gangara, kaɗan-kaɗan kowace shekara, har mai shekara 70 ko 80 ya rage da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na abin da yake da shi yana saurayi. Kotisol ba ya sauka haka, tsoho yana bukatarsa kamar yaro. Binciken da aka yi bayan shekara ta 2010 ya kuma nuna akwai wani reshe na andirojin na hula, mai ƙarfi kusa da testosteron, wanda shi ba ya raguwa da tsufa kamar DHEA-S. A Amurka ana sayar da ƙwayar DHEA a kanti da sunan maganin tsufa, amma gwajin da aka yi wa tsofaffi masu lafiya bai nuna tana mayar da ƙuruciya ba. Kada kowa ya sayar da buhun dawarsa dominta.

Inda ba a jira

Duk abin da muka faɗa a sama tafiya ce ta lafiya. Yanzu ga inda hatsari yake, muna roƙon ungozoma su karanta wannan sashe sau biyu.

Akwai jariran da ake haifa hularsu ba ta iya yin kotisol, saboda wani ma'aikaci guda da ya ɓace a cikinta. Fituwitari ya ga babu kotisol, sai ya yi ta aiko da umarni ba fasawa. Hula ta kumbura, kayan aikin da suka taru su rasa hanya, sai su karkata zuwa andirojin, kamar ruwan da aka tare wa kwari ya ɓalle cikin gonar maƙwabci. Ana samun irin mai tsanani ga wajen jariri 1 cikin 15,000 a duniya. Gado ne, kuma tafiyarsa irin ta sikila ce. Uwa da uba lafiyayyu ne amma kowannensu yana ɗauke da iri, kowane ciki kuma yana da hatsarin 1 cikin 4. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar masu iri ɗaya su haɗu. Ba laifin uwa ba ne, ba abin da ta ci ba ne, ba kuma sammu ba.

In jaririyar mace ce, yawan andirojin tun a ciki yakan sa gabanta ya yi kama da na namiji, wani lokaci ƙwarai da gaske, alhali mahaifarta da gidan ƙwanta suna nan daidai a ciki. Wasu daga cikin waɗanda ake kira mata-maza irin waɗannan ne. Ka'idar da za ku riƙe ita ce, duk jaririn da gabansa ya ba ku shakka, ko wanda ya yi kama da namiji amma kun laluba ba ku ji ƙwayar maraina ko ɗaya ba, a kai shi babban asibiti cikin wannan makon. Kada a jira suna, kada kuma a bar wanzami ya taɓa wurin.

Dalilin gaggawa shi ne gishiri. Wajen uku cikin huɗu na waɗannan jarirai ba sa yin aldosteron ma, gishiri yana zuba cikin fitsarinsu. Kwanakin farko lafiya lau. Tsakanin mako na ɗaya da na uku, watau sau da yawa bayan an watse daga suna, sai jariri ya rage kama nono, ya soma amai, maɗiga ta faɗa, nauyi ya ƙi ƙaruwa, jiki ya saki. In ba a yi masa ƙarin ruwan gishiri da allurar haidirokotizon ba, zai mutu cikin 'yan kwanaki. Jarirai maza sun fi shiga hatsari, domin gabansu ba ya nuna kome da zai sa a yi zargi. In a gida ɗaya an taɓa rasa jariri ɗan mako biyu da amai ba zawo, sa'an nan aka sake haihuwa, ku gaya wa likita wannan labari tun ranar farko.

Waɗanda gishirinsu bai zuba ba sukan bayyana daga baya. Yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu ya yi gashin mara, azzakarinsa ya girma amma marainansa ƙanana, ya fi tsararsa tsawo da ƙwanji. Uba yakan yi murna ya ce ya haifi ƙato. Amma andirojin yana tsofar da ƙashi, bakin ƙashi ya rufe da wuri, yaron da ya fi kowa tsawo a aji ɗaya ya ƙare gajere. Haka nan duk yaron da alamun suka zo masa da gudu cikin 'yan watanni, murya ta buɗe, ko gaban yarinya ya soma girma, a kai shi ba da jinkiri ba, gama wani lokaci ƙari ne ya fito a hular, kuma ana iya cire shi.

Ciwon gadon nan yana da magani tun 1950, sa'ad da Lawson Wilkins da abokan aikinsa a Baltimo ta Amurka suka nuna cewa in an ba yaro kotizon, fituwitari yakan daina matsa wa hula, andirojin ya sauka. Yau ana ba da ƙwayar haidirokotizon kowace rana, da wata ta riƙe gishiri ga mai bukata. Magani ne na dukan rai, ana kuma ƙara shi ranar zazzaɓi ko amai bisa ga yadda likita ya koya wa iyaye. Yarinyar da aka kula da ita haka tana iya girma, ta yi al'ada, ta yi aure, ta haihu.

Wannan magani yana da dangi a kasuwa, kuma a nan ne masu lafiya suke jawo wa hularsu ciwo. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe sau da yawa dekzametazon ne ko firednisolon, wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da irin wannan sinadari mai ƙarfi. In mutum ya daɗe yana amfani da su, fituwitari yakan ɗauka kotisol ya wadata, ya daina aike. Hula ta kwanta, ta shanye, DHEA-S ya faɗi ƙasa. Fuska ta kumbura a ce ƙiba ce, yaron da ake ba kuwa tsawonsa ya tsaya. Wanda ya yi makonni yana sha kada ya yanke rana ɗaya, gama hular da ta yi barci ba ta tashi nan take, zazzaɓi kaɗan yana iya kā da shi. Ya ɗauki kwalin maganin ya kai wa malamin asibiti, a tsara masa yadda zai rage shi sannu a hankali.